Wa Ya Ga Saukarsa? Gwanintar Masu Tara Littattafan Sojojin Laima

A shekarar 1953 kamfanin Random House na Amurka ya fitar da wani littafi mai suna The Man Who Wouldn't Talk, wanda fitaccen ɗan jarida Quentin Reynolds ya rubuta. Labarin wani ɗan Kanada ne, George DuPre, wanda ya ce a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu Turawan Ingila sun kai shi Faransa a ɓoye, ya daɗe yana shigar taɓaɓɓe a wani ƙauye yana yi musu leƙen asiri, 'yan Gestapo suka kama shi suka gana masa azaba, bai ce uffan ba. Mujallar Reader's Digest ta buga labarin, jama'a suka yi ta gayyatarsa lacca. Ba a je ko'ina ba wani ɗan jaridar Calgary Herald, Doug Collins, ya zauna da shi, ya ƙirƙiro sunayen wasu jami'an da Allah bai taɓa halitta ba, ya tambaye shi ko ya san su. DuPre ya ce ai farin sani. Nan asiri ya tonu. Bawan Allah ya sa kaki da gaske, amma ƙafarsa ba ta taka Faransa ba a lokacin da yake iƙirari. Kamfanin bai janye littafin daga kasuwa ba, sai ya mai da shi sahun ƙagaggun labarai, ciniki ya ci gaba abinsa.

Wanda ya ƙware a tara littattafan dakarun musamman masu sauka da laima ba ya jefar da irin wannan littafi. Yana ba shi wuri a kanta, kusa da na masu gaskiya, don ya san yadda ƙarya ke tafiya idan ta sa kaki. Maƙaryaci a wannan fage yana da alamominsa. Ba ya faɗin daren da ya sauka, ba ya faɗin jirgin da ya ɗauke shi, duk wanda zai iya ba shi shaida ya riga mu gidan gaskiya, fayil ɗin da zai tabbatar da maganarsa kuma wai gwamnati ta ɓoye. Masu wannan nema da yawansu ba malaman jami'a ba ne. Akwai ma'aikatan da suka yi ritaya, akwai tsofaffin sojoji, akwai 'ya'ya da jikokin waɗanda suka yi yaƙin. Amma sun koya wa kansu abin da ba kowane mai digiri ya iya ba: su sa littafi ya ba da shaida a kan ɗan'uwansa, sannan su kai su duka gaban takardar da aka rubuta ba don a karanta wa duniya ba. Wannan shi ne abin da ke burge ni da su.

Sai an san irin yaƙin kafin a gane wahalar aikin. A watan Yulin 1940, bayan Faransa ta faɗa hannun Jamus, gwamnatin Churchill ta kafa wata hukumar sirri da ake kira SOE, wadda ta zauna a titin Baker a Landan. Aikinta tura mutane ƙasashen da Jamus ta mamaye, su yi ɓarna, su kuma ɗaure wa 'yan turjiya gindi. Wasu ta ruwa aka kai su, wasu ƙaramin jirgin Lysander ya ajiye su a gona, da yawa kuma da laima suka dira. Na farko a sashen Faransa, Georges Bégué, ya sauka daren 5 wayewar 6 ga Mayu 1941. A shekarar kuma David Stirling ya kafa rundunar dakarun musamman ta SAS a Masar, sannan a 1944 aka zo da ƙungiyoyin Jedburgh, mutum uku-uku, jami'ai biyu da mai rediyo.

Hukumar da aka gina a kan ɓad da sawu ba ta bar wa masu tarihi abin kirki ba. A 1942, da sojojin Jamus ƙarƙashin Rommel suka doso Masar, ofisoshin Ingila a Alƙahira suka yi ta ƙona takardu. Da aka rufe SOE a Janairun 1946 aka zubar da wasu da gangan, gobara kuma ta tashi a titin Baker ta lashe wasu. Ƙiyasin waɗanda suka kula da ragowar shi ne fiye da kashi 80 cikin 100 sun tafi. Ɗan abin da ya tsira ma ba a fara buɗe wa jama'a shi ba sai 1993. Ke nan kusan shekara 50 fagen yana hannun masu ba da labarin kansu, kuma su waye su? Mutanen da aka horar su yi ƙarya ko da an ɗora musu bindiga a ka, waɗanda suka sauka cikin dare a wurin da ba su sani ba, suka yi rantsuwar riƙe sirri, sannan suka zauna rubutu bayan shekara 10 ko 30. Ko mai gaskiyar cikinsu yakan haɗa dare biyu ya mai da su ɗaya. Maurice Buckmaster, shugaban sashen Faransa, ya fitar da littattafai biyu, a 1952 da 1958. A na farkon shi da kansa ya gargaɗi mai karatu cewa ba kome ne aka kawo daidai yadda ya faru ba. Idan shugaba ya faɗi haka, ina ga na ƙasa da shi?

To, ga yadda gwani ke yi. A ce littafi ya ce wane ya sauka a dare kaza. Abu na farko da zai duba shi ne wata. Matuƙan jiragen nan da ido suke gane hanya, suna tafiya ƙasa-ƙasa suna bin kogi da layin dogo da bakin teku, don haka aikin na kwanakin farin wata ne, kamar mako guda kafin ya cika da mako guda bayansa. Sai can gaba, da na'urorin Eureka da Rebecca masu kiran jirgi zuwa fili suka yawaita, aka riƙa keta wannan ƙa'ida. Mu da muke lissafin azumi da salla da watan sama ba ma bukatar dogon bayani a nan. Mutumin da ya ce ya dira a 1942 a daren da ya yi daidai da 28 ga wata, sai ya kawo hujja mai ƙarfi.

Na biyu shi ne littafin ayyukan rundunar jiragen. Runduna ta 138 da ta 161 na sojan saman Ingila, waɗanda suka zauna a Tempsford daga 1942, su suka yi yawancin wannan jigila zuwa yammacin Turai, kuma akawun soja ya rubuta tashinsu: lambar jirgi, sunan matuƙi, ƙarfe nawa aka tashi, ƙarfe nawa aka dawo, da ko an sauke abin da aka ɗauka ko an dawo da shi. Takardun suna nan a gidan adana takardun gwamnati da ke Kew, a jerin AIR 27. Akawun nan bai san jarumi ba, bai san matsoraci ba, ba ya kuma neman kowa ya sayi littafinsa. A nan ne sabon shiga yakan ruɗe da wani ƙaramin abu. Jirgi ya tashi ƙarfe tara na dare, mutum ya dira ƙarfe ɗaya. Wani littafi zai ce ran 24, wani ya ce ran 25, kuma duka gaskiya suka faɗa. Shi ya sa masu sana'ar ke rubuta ranaku biyun tare. Sau da yawa kuma jirgi yakan je ya yi ta shawagi bai ga tocilolin da aka jera a fili ba, ko harafin da mai tarba ya haska ba shi ne wanda aka yi alkawari ba, sai ya juya da fasinjojinsa. Tsoho yakan tuna wancan daren na farko, mai fargaba, ya ɗauka a ranar ya sauka.

Mu ɗauki aikin Norway, tunda ya fi shahara. Jamusawa suna samun ruwa mai nauyi, wanda ake bukata a binciken nukiliya, daga masana'antar Vemork kusa da Rjukan. Ranar 18 ga Oktoba 1942 aka saki 'yan Norway huɗu da laima a kan tudun Hardanger don su share fage. Ranar 19 ga Nuwamba aka turo injiniyoyin sojan Ingila a jirage biyu marasa inji. Duka biyun suka faɗi, tare da ɗaya daga cikin jiragen da ke jan su, waɗanda suka tsira daga haɗarin kuma Jamusawa suka kashe su, bisa umarnin da Hitila ya bayar wata guda kafin nan cewa duk kwamandon da aka kama a kashe shi ko da yana sanye da kaki. Mutum 41 suka mutu. Sai aka shirya mutum shida ƙarƙashin Joachim Rønneberg, ɗan shekara 23. Sun tashi a Janairun 1943, matuƙi ya kasa gano filin, aka dawo da su, dole suka jira wani watan. Ranar 16 ga Fabrairu suka dira, kwana huɗu kafin wata ya cika, kuma nesa da inda aka nufa. Guguwar ƙanƙara ta tsare su a wata bukka, sai bayan mako guda suka haɗu da mutum huɗun farko, waɗanda suka shafe sanyin suna rayuwa da naman barewar ƙanƙara. Daren 27 wayewar 28 ga Fabrairu suka gangara kwazazzabo, suka haye kogin da ya daskare, suka hau ɗaya gefen, wasunsu suka kutsa ta ramin wayoyi, suka tarwatsa na'urorin. Ba a harba harsashi ko ɗaya ba.

Gwani zai jera littafin Knut Haukelid, wanda yana cikin shidan, da na Thomas Gallagher na 1975, da na Neal Bascomb na 2016, da rahotannin da mutanen suka rubuta wa Landan da zafinsu, ya duba inda suka zo ɗaya da inda suka saɓa, da wa ya kwaso daga wa. Littattafai biyar da suka faɗi abu ɗaya ba shaidu biyar ba ne idan huɗun daga na farkon suka ɗauka. Fim ɗin 1965 da Kirk Douglas ya fito a ciki kuwa ya cika da harbe-harbe da soyayya. Amfaninsa a wurin mai bincike ɗaya ne, ya taimaka masa gane marubucin da ya kwaso daga majigi yana tsammani daga tarihi ya ɗauko.

Akwai masu ganin neman bugun farko almubazzaranci ne, tunda ga sabon bugu da araha. Labarin littafin M.R.D. Foot ya ishe su amsa. A shekarun 1950 littattafan Jean Overton Fuller da Elizabeth Nicholas suka tayar da ƙura a Ingila, suna nuna cewa an ci gaba da tura mutane Faransa alhali rediyon da Landan ke magana da shi yana hannun Jamusawa. 'Yar majalisa Irene Ward ta matsa wa gwamnati lamba, har aka ba Foot izinin ganin fayiloli. Malamin tarihi ne wanda shi ma ya yi aiki da SAS, aka kama shi a Faransa a 1944. Sai dai an hana shi ganawa da yawancin waɗanda yake rubutu a kansu. SOE in France ya fito a 1966 daga maɗaba'ar gwamnati. Wasu tsofaffin ma'aikata suka ji an taɓa mutuncinsu, lauyoyi suka shigo, aka biya diyya, a 1968 aka sake buga shi da gyare-gyare. Sabon bugu ya zo a 2004. Fassarar Faransanci kuwa sai 2008, shekara 42 bayan na farko, don gwamnatin Ingila ta daɗe ba ta ba da izini ba, gudun ɓata wa Faransawa rai.

Wanda ya mallaki na 1966 da na 1968 zai buɗe su gefe da gefe a kan tebur, yatsa ɗaya nan ɗaya can, yana bin su layi-layi. Inda jimla ta ɓace, ko kalma mai kaifi ta yi laushi, to nan lauya ya bi. Ba lalle ne abin da aka cire gaskiya ba ne, wani lokacin Foot ne ya yi kuskure kuma gyaran ya dace. Amma mai bugu ɗaya ba zai ma san an taɓa yin rigima a wannan shafi ba.

Hannu ma yana da nasa ilimin. Littattafan da aka buga a Ingila a shekarun 1940 an yi su ne lokacin da ake rabon takarda da awo, don haka takardar ba ta da ƙwari, ta yi ja, tana karyewa a kusurwa. Gwani ba ya buɗe irinsu ya danne, ba ya liƙa musu salatif, ba ya ajiye su inda rana ke duka ko laima ke kamawa. Rigar takardar da ke lulluɓe da bango, wadda yawancinmu muke yarwa, takan ninka kuɗin littafin, kuma tana da nata bayanin, domin a kanta ne maɗaba'a ke yin cika-bakin da marubuci zai ji nauyin yi a ciki. Idan ya shiga shagon gwanjon littattafai, bayan shafin suna yake fara dubawa ya ga bugu na nawa ne, sai fihirisa, sai gefen shafuka. Abin da ya fi so ya tarar shi ne kwafin da wani tsohon soja ya taɓa mallaka, ya bi shi da fensir yana gyara: nan ba haka aka yi ba, wane ba ya wurin a ranar. Sai kuma ƙananan littattafan da wani tsoho ya buga da kuɗinsa don jikoki, ko ƙungiyar tarihin wani ƙauye a Faransa ta fitar, waɗanda ba su taɓa shiga babban shago ba. A irinsu ake samun sunan manomin da ya riƙe tocila a fili, da mai keken shanun da ya kwashe makamai kafin gari ya waye. Manyan littattafai ba su cika damuwa da waɗannan ba, alhali su ne Jamusawa suka fi kashewa.

Sai wahalar suna. Ma'aikaci ɗaya yana da sunan yanka, da sunan ɓoye da Landan ke kiransa da shi a saƙo, da wanda ke kan takardunsa na jabu, da wanda mutanen ƙauye suka laƙaba masa. Francis Cammaerts shi ne Roger, ƙungiyarsa kuma Jockey. Pearl Witherington ita ce Marie, daga baya Pauline. Littattafan farko sukan ƙara wani sunan na ƙarya don kare wanda ke raye. Saboda haka mai bincike yana da akwatin kati, ko a yau jadawali a kwamfuta, kowane mutum da jerin sunayensa da littafi da shafin da kowanne ya fito. Aikin ya yi kama da na malaman hadisi, masu bin mai ruwaya ta sunansa da alkunyarsa da laƙabinsa kafin su yarda mutum ɗaya ne, kuma ya sadu da wanda ya ce ya ji daga gare shi.

Kada a ɗauka wannan wasan marasa aikin yi ne. Ranar 6 ga Yuli 1944 aka kai mata huɗu sansanin Natzweiler a gabashin Faransa, aka yi musu allurar guba, aka ƙone su a daren. Bayan yaƙi Vera Atkins, jami'ar sashen Faransa da ta raka da yawan ma'aikatan filin jirgi, ta bi sawun waɗanda suka ɓace har Jamus. Ta gano uku: Andrée Borrel, mace ta farko da sashen ya saki da laima, daren 24 wayewar 25 ga Satumba 1942, sai Vera Leigh da Diana Rowden. Ta huɗun, bisa kwatancen fursunonin da suka hango su suna wucewa, ta ɗauka Noor Inayat Khan ce, 'yar wani malamin Sufaye ɗan Indiya, wadda ta yi aikin rediyo a Paris. A kan haka aka shiga shari'ar ma'aikatan sansanin a 1946. Daga baya shaida ta fito cewa a lokacin Noor tana ɗaure a kurkukun Pforzheim, kuma a Dachau aka kashe ta a Satumban 1944. To wace ce ta huɗun? Sonia Olschanezky ce, Bayahudiya 'yar shekara 20 da aka ɗauka aiki a can Faransa, shi ya sa sunanta ba ya cikin jerin Landan. Elizabeth Nicholas, 'yar jarida da ta shiga neman labarin ƙawarta ta makaranta Diana Rowden, ita ta bi wannan suna har ta kai ga dangin yarinyar, waɗanda shekaru bayan yaƙin ba su san ƙarshenta ba, ta fito da labarin a littafinta na 1958. Ba ta da izinin ganin fayil ko ɗaya na sirri. Wasiƙa da naci da tambaya kawai ta yi amfani da su.

Gwani kuma ba ya ƙyamar littafin abokin gaba. A Holan, a watan Maris 1942, Jamusawa suka kama mai rediyo Hubertus Lauwers, jami'in leƙen asirinsu Hermann Giskes ya sa shi ya ci gaba da aika saƙo Landan. Lauwers ya daina sa alamar sirrin da aka ce ya riƙa sawa don a san ba a hannu yake ba. Landan ta ga babu alamar, ta share. Fiye da shekara guda Jamusawa ne ke kunna fitilu a fili suna tarbar masu laima da makamansu. Sama da mutum 50 suka faɗa wannan tarko, yawancinsu aka kashe su a sansanin Mauthausen a Satumban 1944. Ranar 1 ga Afrilu 1944 Giskes ya aika wa Landan saƙon ba'a a fili, ba tare da lambar sirri ba.

Labarin yana da baki uku aƙalla. Giskes ya rubuta nasa, ya fito da Turanci a 1953, yana nuna kansa ma'aikaci mai mutunci, alhali mutanen da ya kama an san inda suka ƙare. Pieter Dourlein, ɗaya daga cikin biyun da suka tsere daga kurkukun Haaren a 1943 suka sha wuya har Ingila don su yi gargaɗi, aka saka musu da kullewa bisa zargin Jamus ce ta turo su, ya rubuta nasa da ɗacin rai. Leo Marks, shugaban sashen lambobin sirri, shi ya lura cewa saƙonnin Holan sun cika tsabta, alhali mai aiki cikin tsoro da gaggawa dole ya yi kuskure. Nasa littafin bai fito ba sai 1998, kuma mutum ne da ya zama marubucin fim, ya iya gyara zance ya sa shi daɗi. Wanda ya karanta ɗaya kawai zai tashi da gwarzo da mugu. Wanda ya karanta ukun, ya haɗa da binciken majalisar Holan da littafin Foot na 2001 a kan ƙasar, zai tashi da abin da ya fi ciwo: ofis ne da bai so jin labarin da zai ɓata masa suna ba.

Ban ce duk mai tara littafi gwani ba ne. Akwai wanda ke saye don ado, ya kulle a gilashi, shafukan ba su taɓa ganin haske ba. Akwai wanda son jarumta ya rufe wa ido, ka taɓa gwarzonsa ka taɓa shi. Ga misalin SAS. Saukarsu ta farko da laima, daren 16 wayewar 17 ga Nuwamba 1941 a kusa da Gazala da Tmimi a Libiya, bala'i ce. Sun dira cikin guguwa, ba su lalata jirgi ko ɗaya ba, kusan kashi biyu cikin uku ba su dawo ba, har yau ma littattafai ba su daidaita a kan adadin da ya tafi da wanda ya dawo ba. Nasarorin da suka biyo baya a hamada da mota aka yi su. Virginia Cowles ta ɗaukaka Stirling a littafinta na 1958, Gavin Mortimer kuma a 2022 ya fito da nasa yana cewa an kambama shi fiye da kima, wansa Bill da Paddy Mayne ne suka ɗauki nauyin. Mai son zuciya zai zaɓi ɗaya ya zagi ɗayan. Gwani zai ajiye su kafaɗa da kafaɗa, ya tambayi wa Cowles ta yi hira da shi, da wa bai samu damar magana ba don ya riga ya mutu. Mayne ya rasu a 1955, shekara uku kafin littafin nata.

A kantar irin waɗannan mutane akwai wani gurbi da ya shafe mu kai tsaye. A 1944 Janar Orde Wingate ya kai dakarunsa na musamman, waɗanda ake kira Chindit, bayan sansanonin Japanawa a ƙasar Bama, wadda yau ake kira Myanmar. Cikinsu akwai bataliya uku ta sojan Nijeriya, ta 6 da ta 7 da ta 12. Ba da laima suka sauka ba, jirage ne suka ajiye su a filayen da aka share a daji, amma abincinsu da harsashinsu da maganinsu da laima ake jefo musu, kuma sun yi faɗa a sansanin da aka sa wa suna White City. Da yawansu 'yan Arewa ne, Hausa ce kuma harshen bariki. Abin da aka rubuta a kansu yawanci daga alƙalamin hafsoshinsu Turawa ne, irin su Charles Carfrae a littafinsa na 1985, sai ƙagaggen labarin Biyi Bandele, haifaffen Kafanchan, wanda ya fito a 2007. Su sojojin, muryarsu kaɗan ce ƙwarai a takarda.

Masu wancan yaƙi kusan duk sun tafi, amma ba duk takardunsu ne suka tafi ba. A wasu gidaje a Zariya da Kano da Sakkwato da Maiduguri akwai akwatin ƙarfe da littafin sallama daga soja a ciki, da lambar yabo, da hoton da ya fara dusashewa. Littafin sallamar nan yana ɗauke da lambar mutum da bataliyarsa da shekarun aikinsa, wato daidai abin da mai bincike ke bukata ya haɗa shi da rahoton yaƙi na rundunar da ke ajiye a Kew. Duk wanda kakansa ya je Bama, ya buɗe akwatin nan tun gara ba ta riga shi ba. Ya ɗauki hoton kowane shafi da wayarsa, ya zauna da tsofaffin gidan ya rubuta abin da suka ji daga bakin marigayin, tare da sunan wanda ya faɗa da ranar da ya faɗa, sannan ya kai kwafi Arewa House a Kaduna ko sashen tarihi na jami'ar da ta fi kusa da shi.